Cibiyar Dafalla

Ni ce Azumi, ungozomar kambo,
nan bayan Managil, inda magudana ta yi kwana.
Ni na yanke cibiyar Dafalla.
Daren ruwa ne, laka ta riƙe motar asibiti,
ubansa ya tsallako gada da fitila tana rawa a hannu.
Bai ce mini Takari ba a daren nan.
Hajja, ya ce, Hajja, ki rufa mana asiri.

Shekara arba'in da biyu ke nan.
Yau ga shi a inuwar dogonyaro,
rawani fari tas kamar audugar da muka tsinto masa,
ya riƙe takardarmu da yatsa biyu
kamar mai ɗauke mataccen ɓera.

Abu uku ne a ciki, jikana Mantau ya rubuta:
famfo ɗaya,
aji biyu, ko da na zana ne,
sai taku ɗari na ƙasa
inda za mu kwantar da namu
ba sai mun yi yini guda da makara a ka ba.

"Ba ƙin ku muke ba," in ji shi, "Allah shaida ne.
Amma ko yatsun hannu ba su zo ɗaya ba.
In an ja muku famfo, kun kafu.
In kun kafu, sai makaranta.
Yaron da ya riƙe alƙalami, yaushe zai sunkuya a gona?
Jibi kuma ku aiko neman 'yarmu."
Aka kwashe da dariya.
Liman, wanda kafaɗarmu ke gogar tasu a bayansa ran Juma'a,
ya sunkuyar da kai, carbinsa ya ƙara sauri.

Kakana da ƙafa ya baro Haɗeja, Makka ya nufa.
Guzuri ya ƙare a bakin Nilu,
ya ce bari ya yi noman shekara ɗaya.
Shekarar ce har yau ba ta ƙare ba.
Magudanar nan kafaɗarsa ta san nauyin ƙasarta.
Daga ita muke sha, mu da jakuna,
yaranmu na fitsarin jini,
tankin gari kuwa yana can sama, yana zubar da hawaye a banza.
Da Mantau ya je neman lambar ɗan ƙasa
sai aka ce ya kawo kakan kakansa shaida.

Na miƙe, gwiwoyina suna ƙara.
Mace ba ta magana a nan, na sani.
Na ce: Dafalla, ɗaga rigarka.
Tsit.
Har mai shayi ya tsaya da buta a sama.
Na ce: ƙullin da ke tsakiyar cikinka, aikin hannun nan ne.
Ni na binne mabiyiyarka a bayan ɗakin uwarka,
ƙasa ta karɓa,
ba ta tambayi launin wadda ta haƙa ba.

Bai tanka ba.
Ya ninke takardar sau huɗu, ya tura aljihu.
"Za a duba," ya faɗa wa takalmansa.

Washegari babu wanda ya ɗauki buhu.
Yau kwana tara.
Auduga ta buɗe baki tana kallon sama,
sun aiko da 'yan sanda, sun aiko da sukari,
sun ce za su kawo wasu daga nesa,
waɗanda ba su iya rubuta takarda ba tukuna.

Matar ɗansa ta shiga watanta.
Hadari kuma ya haɗo daga gabas.
Na wanke zare, na sayi sabuwar reza,
na zauna bakin ƙofa ina sauraron gada.
Zan je. Jariri bai san komai ba.
Amma Hajjar nan ta tsakar dare,
wannan karon sai ya maimaita ta da rana,
a inuwar dogonyaro.