Agogon Ƙarƙashin Bene

Shekara shida ina tashi ƙarfe ɗayan dare,
ba ciwo ke tashe ni ba, ba mafarki ba.
Kamfanin wuta ne ya rubuto
cewa daga sha biyu zuwa bakwai na safe
lantarki kan sauke farashi.

Na yarda. Ni Morag, matar masunci,
na san abin da duk ke da araha
sai an saki bargo ake samunsa.
Haka Alasdair ya bi kifi shekara arba'in,
yana fita garin Fraserburgh na minshari.

Sai in zura silifas, in lallaɓa kicin,
in ɗura wa injin wanki zannuwan gado,
in kunna tankin ruwan zafi,
in goge rigunan jikata na makaranta,
in dafa miyar gobe tun yau,
iskar teku na shigowa ta ƙasan ƙofa
ba ko sallama.

Da rana kuwa, kashe komai.
Kwat biyu, safar hannu, shayi kofi ɗaya
da nake runguma har ya huce.
In hannu ya kai ga hita, in janye shi:
Morag, yanzu wuta tsada take, haƙura.

Amma takardar kuɗi sai ƙiba take.
Na zargi firji. Na zargi butar shayi.
Na zargi Hamish na bayan bango
cewa ya saƙalo waya yana shan wutata;
wata takwas ban amsa gaisuwarsa ba.

Ranar wata Talata suka turo yarinya,
Catriona, tocila a baki, jaka a kafaɗa.
Ta durƙusa ƙarƙashin bene,
ta ture takalman ruwan Alasdair gefe,
ta dubi faifan da ke juyawa jikin mita,
ta dubi agogon hannunta,
ta sake duban faifan.

"Kaka, ƙarfe nawa yanzu?"
Na ce biyu da kwata, ga rana ma a taga.
Ta ce, "A nan ciki, ɗaya da kwata na dare ne.
An taɓa ɗauke muku wuta ta daɗe?"

An taɓa.
Guguwar nan da ta kwashe rufin kasuwar kifi,
makon da muka kai Alasdair makwancinsa.
Awa goma sha uku muna zaune da kyandir.
Ashe da wuta ta dawo, kowa ya ci gaba,
agogon ya ɗora daga inda ya tsaya
bai tambayi kowa ba.

Wato darena tsakar ranarsa ce.
Duk wankin nan, duk gugar nan,
a farashi mafi tsada na yi su, ido na yaji.
Lokacin da nake karkarwa cikin kwat biyu kuwa,
arahar na zaune tare da ni a falo,
kaza ta kwana kan dami.

Na yi dariya har Catriona ta tsorata.
Ta ce za a lissafa, a cike takarda,
wataƙila a maido wasu fam ɗaruruwa.
Na ce, 'yar nan, a wane layi na takardar
ake rubuta barci?

Ta cire tsohon, ta ɗaura sabo mai ƙyafta ido.
Na roƙa ta bar min faifan; ta ce kayan kamfani ne.

Da yamma na soya kifi, na buga ƙofar Hamish.
Bai tambayi dalili ba, gishiri kawai ya nema.

Jiya ma ƙarfe ɗaya idona ya buɗe.
Babu wanki. Na sauko duk da haka,
na mayar da takalman inda suke,
na kunna hita, na zauna.