Bakin Bango

Ran Laraba da la'asar, jajibirin kasuwa,
yaron meri ya iso bisa babur mai tari,
ya shafa wa bangon rumfata ƙullu,
ya manna takarda, ya danne da tafin hannu.
Ya sha ruwan randata, ya goge baki, ya wuce.

A layinmu na Badagishiri
ni kaɗai na kai aji shida a lakkol,
shi ya sa na zama bakin bango.
Ina sayar da batir da ashana,
cajin waya dala ashirin,
karatun takarda kuwa kyauta,
sai dai wani ya ajiye mini albasa biyu don kunya.

Faransanci ba ya gaisuwa.
Ba ya tambayar gajiya, bai san ina gida ba.
Ni nake sa masa hula, in koya masa sallama.
In takarda ta ce za a ƙwace,
sai in ce an roƙe ku ku gyara.
In ta ce kwana takwas,
in ƙara mata in Allah ya kai mu.

Haka na karanta wa Nomau gwanjon jakinsa
da aka tsare don ya ci kabejin lambun wani.
Haka na faɗa wa Kuluwa mai cuku
tikitin shimfiɗa ya tashi, goma ta koma sha biyar.
Ta ce, tabarmar tawa ce ta ƙara faɗi?
Na sake duba takarda har ƙasa.
Ba su rubuta wannan ba.

Ta jiya kuwa na karanta ta ni kaɗai, da tocila:
rumfunan bakin titi, lamba ɗaya zuwa sha tara,
su tashi, su koma bayan tasha,
inda ko ƙuda sai ya yi ɓatan kai yake zuwa.
Tawa ce lamba bakwai.
A ƙasa ga hatimi, ga sa hannu kamar ƙugiya,
hannun Arzika.
Bara war haka yana kan bencina yana neman ƙuri'a,
wayoyinsa biyu suna shan wutata bashi,
yana rantsuwa ko kara ɗaya ba za a zare mana ba.
Har yau ina bin sa dala arba'in.

Da asuba motocin albasa suka fara nishi.
Na fito, na tarar da akuyar Asumana mahauci
tsaye da ƙafa biyu, tana karin kumallo.
Ta cinye hatimi, ta cinye Arzika,
ta cinye ranar da aka yanka mana.
Abin da ya saura a bango:
ana sanar da jama'a cewa.

Jama'a suka taru.
Nomau ya ce doka marar hatimi ɗanwake ne ba mai.
Asumana ya ce to a kai akuyar gaban alƙali,
ai shaidar tana cikinta.
Aka yi dariya har mai shayi ya zubar da madara.
Sannan Kuluwa ta dube ni:
kai ka gan ta tun tana da wutsiya, me ta ce?

Na laluba aljihun bakina.
Ba hula, ba sallama.
Na ce, ta ce mu tashi.

Aka yi shiru, tsawon awon tiya ɗaya.
Sai wani Buzu ya miƙo waya, ya ce a cika masa kafin azahar,
wata ta taya cuku, Kuluwa ta ce albarka.
Kasuwa ta ci har magariba.

Ran Asabar yaron meri ya dawo da ƙullunsa.
Wannan karon ya ari bencina, ya taka,
ya manna ta can sama,
inda akuya ba ta kaiwa.