Sauran Sunan

Ranar sadakar arba'in ta Kaka Ige
aka jawo akwatin kwano daga ƙarƙashin gadonta.
Babu zinari a ciki.
Cokali ɗaya, agogon da ya tsaya a huɗu saura kwata,
da ambulan da gara ta ci gefensa
ta bar min kan sarki da rabin suna:
Nils Ek,
sauran yana cikin gara.

A Yawuri ba wanda ya san Nils.
Dogo Mai Inji suka sani,
mai kwance cikin jirgin ruwa ya mayar kafin la'asar,
hannu baƙi ƙirin da mai, wuya ja kamar gauta.
A bakin masunta ya koyi Hausa,
shi ya sa ya iya zagi kafin ya iya gaisuwa.
Ya auri 'yar mai bandar kifi, aka haifi Ige,
tana rarrafe zazzaɓi ya ɗauke shi.

Na je wurin Baba Gado, wanda haƙori biyu suka rage masa,
na ce ina kabarin?
Ya ɗaga filafili ya nuna tsakiyar ruwa.
Ya ce, da can akwai giginya uku a nan.
Shekarar da aka datse kogi
ruwa ya sha gona, ya sha masallaci, ya sha Dogo.

Kan sarkin ya ce Suwidin.
Wasiƙa goma sha ɗaya na aika, damina uku ina jira,
har ma'aikacin gidan waya ya daina ɗaga kai in na shigo.
Ta goma sha biyu ban rubuta ba, amsa ta riga ta.
Wata tsohuwa ce, Gunilla,
daga ƙauyen da tafkinsu ke daskarewa har a taka shi da ƙafa.
Ta aiko shafi daga littafin haihuwar garinsu:
Nils Ekdal, ɗan maƙeri, na huɗu cikin bakwai.
A layin ƙarshe wani ya rubuta da tawada mai rawa:
ya tafi, ba a san inda yake ba.

Ta ce uwarsa kullum takan ajiye fitila a taga
har ranar da ba ta tashi kunnawa ba.
Mu nan muna cewa Dogo ba shi da dangi,
su can suna cewa Nils bai bar baya ba.
Shekara ɗari kowa na riƙe da rabin ƙwarya
yana mamakin yadda ba ta ɗaukar ruwa.

Akwai hoto a ciki: yara bakwai a gaban maƙera.
Na huɗun yana da kunnuwa buɗe kamar faifai.
Na kira 'yata Asabe, na juya kanta wajen haske.
Waɗannan ne kunnuwan da ake mata dariya a makaranta,
ashe gado ne ya yi tafiyar wata biyu a teku.

Da asuba na hau kwalekwalen Baba Gado,
jikansa ya tuƙa mu zuwa inda giginyun suke a da.
Na buɗe takardar, na karanta wa ruwa sunayen
ɗaya bayan ɗaya, harshena yana tuntuɓe:
uban, uwar, 'yan'uwan shida.
Na ce masa an daɗe ana jiranka a gida.

Da muka juyo wani masunci ya ɗaga murya,
Malam, an samu kuwa?
Na ce an samu.
Ya leƙa cikin kwalekwalen, bai ga ko tarwaɗa ba.