Daushe

Ɗakin da Baba Arzika ke ajiyar goro
ba shi da taga.
Matakala uku ake sauka,
ƙasa a jiƙe, randa biyu na zufa a kusurwa,
a waje kuwa ranar bazara
tana narkar da kwalta a titin Shagon Goro.

"Ja ƙyaure, Modi," in ji shi.
"Wanga baƙo ɗan kurmi na,
inda raɓa ka kwana bisa ganye har hantsi.
Bai san ranarmu ba.
In ta gane shi, ta kashe shi."

Ya kwance huhu.
Ganyen fita ya buɗe
da ƙamshin ƙasar da ban taɓa takawa ba.
Ja ne mai duhu, kamar hantar ragon layya,
da farare jefi-jefi a tsakani.

Ya ɗauki guda, ya sa farce. Ƙas!
Na miƙa hannu, ya janye.
"Da kunne aka fara cin goro.
Wanda yay yi shiru, ya mutu tun a hanya."

Na tauna.
Ɗaci ya riga kowa shigowa,
bauri na biye, ya ɗaure mini harshe,
maƙogwaro ya ce bai yarda ba.
Na nemi inda zan tofar.
"Dakata."
Ya miƙo moɗa, na kurɓi ruwan randa,
sai ga zaƙi ya taso
daga inda ban ajiye shi ba.

Sabon goro, in ji shi, yaro ne:
ruwa da yawa, surutu da yawa.
Sai ya yi wata bakwai a duhu
kafin ya san abin da zai faɗa.

Duk Alhamis mukan sauka.
A juye, a canza ganye, a yayyafa ruwa
da yatsu uku, ba da tafi ba.
Yana shafa su ɗaya ɗaya ido rufe,
mai sankara ya jefa a tasa.
Ban taɓa ganin ya yi kuskure ba.
Ni na yi.
Shekarar da na fara hawa babur
na bar ƙyaure a buɗe, yini guda,
ƙwarya huɗu suka yi yaushi
kamar kuncin tsohuwa.
Bai zage ni ba.
Kullum da safe ya ba ni ɗaya,
ya zauna yana kallo har na haɗiye.

Da haƙoransa suka ƙare
ya huda murfin gwangwanin madara da ƙusa,
ya riƙa goga a kai,
yana ɗibar garin da ɗan yatsa.
Ko a haka yakan ce,
"Wanga na Shagamu na. Wancan ya sha rana a mota."

Cikin damina ya tafi.
Ya bar huhu ɗaya a kan katako
da irin ƙullin da har yau ban iya ba.
Wata biyar ina canza ganye,
ina mayar da igiya yadda na iya.

Ranar sunan 'yata na raba shi.
Mutane na tauna suna maganar tsadar fetur,
jan miyau na sauka gefen tabarma.
Tsoho Nomau kaɗai ya tsaya.
Ya daina tauna, ya dubi ɓarin da ke hannunsa,
ya nemi ruwa.
Can ya ce, "Hannun Arzika na."

Guda na rage.
Yana nan ƙasa, cikin ganye, kusa da randa.
Na san goro ba ya shekara uku.
Jiya na taɓa shi, da sauran ƙarfi.
Na ja ƙyaure na hau.