Kuɗin Inuwa

Asabar ce, bayan la'asar sakaliya,
na tuƙo tsohuwar fijota daga Bolari,
tana tari ina lallashi,
jikoki uku a baya suna rigimar bakin taga.

A ƙofar lambu sai ga igiya.
Makon jiya babu igiya.
Ga allo kuma, fentinsa bai gama shan iska ba:
mota ɗari biyar, babur ɗari biyu.
Ba a rubuta keke ba tukuna,
ina jin fentin ne ya ƙare.

Yaro ya taso da riga ruwan ɗorawa,
ɗaurin rasit a hannu, biro a bayan kunne.
"Baba, kuɗin ajiye mota."
Na ce, ɗan nan, ina ne ma'ajiyar?
Ya nuna mini gindin maɗaci.

Wannan maɗacin?
Na san shi tun yana cikin baƙar leda,
tsawonsa bai kai kamu guda ba.
Shekarar da na kama aikin gandun daji,
ni da marigayi Hammayo muka haƙa raminsa
da diga mai ɗaurarriyar ƙota.
Garwa biyu a sanda, daga kwari zuwa tudu,
a Gomben da ruwan sha ma sai an yi gumi.
Sau biyu akuya ta cinye kansa,
sau biyu ya sake toho,
har muka kewaye shi da ƙayar magarya
wadda tabonta ke nan a babban yatsana.

Yau inuwarsa ta yi farashi.

Ban faɗa wa yaron ba.
Me zai saya da labarin?
Ba shi ya kafa allon ba,
leɓensa a bushe, silifas ɗinsa ɗinkin waya.
Sunansa Babayo.
Na ce, nawa suke ba ka?
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba:
"Sai ɗaurin ya ƙare, Baba.
In bai ƙare ba, ni ake bi."

An ce da kuɗin za a gyara lilo,
a sa fitilu, a kwashe bola.
To, Allah ya sa.
Daga nan ina hangen lilon,
sarƙa ɗaya ke riƙe da shi tun bara.
Ni dai ba na ja da hukuma,
fanshona ma a layi nake jiransa, baki alaikum.

Wani malamin makaranta a gabana
ya karanta allo, ya dubi matarsa,
ya juya kan babur.
Ɗiyarsa ta yi ta waiwaye har suka sha kwana.
Mai rake a ciki ya bi su da ido,
wuƙarsa a tsaye.

Dubu ɗaya ce a aljihuna, ta ƙanƙarar yara.
Na raba ta biyu.
Walida, ƙaramarsu, ta ja mini hannun riga:
"Kaka, bishiyar za a ba kuɗin?"
Na buɗe baki, sai na gyara hula.

Suka yi gudu, suka yi birgima a sauran ciyawa,
ƙanƙara biyu ta zaga baki uku.
Ni kuwa na jingina da tsohon abokina.
Bawonsa ya tsattsage kamar dugadugaina.
Bai gane ni ba, ko ya gane ya yi kara.

Da aka kira magariba muka dawo,
mota ta sha ganye da kashin tsuntsu,
ga 'ya'yan maɗaci a kan gilashi,
falan-falan, masu fiffike, bakwai na ƙirga.
Na ce, yara, ga canjinmu.
Na naɗe su cikin rasit.

"Shekara nawa kafin su yi inuwa?"
Talatin, in akuya ta yi haƙuri.
Walida ta soma lissafi, yatsu suka ƙare.

Sai fijo ta ƙi tashi.
Na murɗa, ta yi tari, ta yi shiru.
Babayo ya ɗora dutse kan ɗaurin rasit,
ya tuɓe silifas, ya sa kafaɗa,
ya tura mu har bayan igiya.
Na leƙo ina laluben aljihu,
ya riga ya koma,
wata mota tana son fita.