Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

A Kware, safiyar Talata,
na zuƙi farin maganin barci
mai kama da madarar shanu,
na tura a jijiyar Altine baduku.
Wata huɗu bai taɓa basilla ba,
furar da Ige ke dama masa
a ƙwarya take kwana.

Likita Jelani ya danna.
Na zuba wa babban yatsan ƙafa ido,
can ƙasa da inda muka ɗaure,
shi kaɗai muka bar wa izinin rawa.
Goma. Sha ɗaya. Tsit.

Farin nan akwai ladabi,
ba amai, ba tashin hankali,
sai dai yakan yayyafa wa murhu ruwa
tun tukunya ba ta tafasa ba.

Ran Alhamis na sake kwalba.
Ketamin. Jini ya hau,
idona bai bar allo ba.
Ashirin. Talatin da biyu.

Ya farka, rufi na juya masa,
sunana ya ɓace masa.
A zuwa na biyar ya ƙura wa takalmina ido:
"Wa ya yi maka wannan ɗinkin banza?"

Na fita baranda
don kada ya ga hawayena.