Yatsu Biyu

Wata takwas da kwana tara,
ranar Lahadi, ana cin kasuwar Tawa,
Sahiya ta juya wa cokali ƙeya.

Na dama kunun gero kamar kullum,
na tace shi sau biyu a rariya,
na barbaɗa garin ƙuli-ƙuli
yadda suka koya mana wurin awo,
na hura, na ɗanɗana, na yi mata kukan mota.
Ta datse baki ƙam.
Idonta na kan hannuna na hagu,
inda na riƙe guntun dankalin da na rage wa kaina.

Jarinta duka haƙori biyu ne,
na ƙasa, farare, kamar an dasa shinkafa.
Da wannan za ki shiga kasuwa, ƴar nan?

Baba Kadade na gindin bedi a kan buzunsa.
Shi ma biyu suka rage masa, na sama.
Ya ce, “Ba ta, Tsahara.
Amaryata ta gaji da abincin tsofaffi.
Miƙo kunun nan, kada a yi asara.”

Na yanka dankalin tsawon ɗan yatsana,
na matsa shi tsakanin yatsu, ya baje ba gardama,
na sake yanka wani.
Na zaunar da ita tsaye-tsaye a kan tabarma,
bayanta jingine da gwiwata,
na wanke mata hannu da ruwan randa.

Da dunƙule ta fara.
Ta damƙe shi, ya fito ta tsakanin yatsu.
Kunne ya ci, gira ta ci,
kaza ta zo ta karɓi zakka,
baki ne kaɗai bai samu rabo ba.

Sai na uku ya shiga.
Ya shiga da yawa.
Fuskarta ta yi ja, ido ya kawo ruwa,
harshe waje, wuya ya miƙe,
ni kuwa na manta sunan kowa,
yatsana har ya kama hanyar bakinta.
“Kar ki tura!” in ji Baba.
“Tana tari. Mai tari da sauran numfashi.”
Na ƙirga: ɗaya, biyu,
tsakanin biyu da uku na tsufa.

Ta tofo shi a kan zanena.
Ta dube shi kamar wanda ya ci bashinta,
ta ɗauka,
ta mayar.

Tun ranar ban ƙara cin abinci ni kaɗai ba.
Kabewa, gwaiduwar ƙwai, cikin waina,
ayaba mai santsi da ke gudun hannu,
kifin tabki da nake tsince wa ƙaya
kamar mai neman allura a rairayi.
Gyaɗa na ɗaga ta sama, bayan kwalla,
ita da dabino, sai wata shekara.

Jiya da la'asar na gan ta
ta sa babban yatsa da manuni,
su biyu kawai,
ta tsinci ƙwayar wake ɗaya daga faranti.
Ba ta dube ni ba.
Abin ya yi mini daɗi, ya kuma sosa wani wuri
da ban san sunansa ba.

Cokalin bai yi zaman banza ba.
Baba, da ya taɓa karya cuku da turame,
yanzu hannunsa na rawa,
kunu na zuba a gemu kafin ya kai.
Bayan isha nake ɗauko shi,
ɗan kore, mai tabon haƙori biyu a baki,
in hura, in ɗanɗana.

“Ban da kukan mota,” in ji shi.

Sahiya na gefe, ba ta yi barci ba,
tana miƙa masa jiƙaƙƙen dankali
da ta riga ta tsotsa.
Ya buɗe baki.